Finjalin da Gwaggo Dije Ta Cika

Da sunan Allah nake ci gaba, shi ya ara mini numfashi har na kawo wannan babi. 'Ya'yana, yau zan ba ku labarin shekarar da Gwaggo Dije ta zo mana, kuma zan ba ku shi yadda ya faru, ba yadda kuke ba da shi a majalisi ranar Idi kuna ƙyaƙyata dariya ba. Ku cewa kuke yi wata tsohuwa daga ƙauye ta kusa kashe auren Sumayya da butar gahawa. Akwai gaskiya a ciki, amma kun bar rabona, kuma rabona ne ya fi nauyi.

Kun san kakana Malam Abdu da ƙafa ya taso daga wani ƙauye a gabashin Damagaram zai sauke farali. Abin da ba ku cika tunawa ba shi ne ya bar ɗiya a baya, tana goye, ba a ko yaye ta ba. Hanya ta cinye masa shekaru. Ya yi noma a Cadi, ya tsinci auduga a Sudan, a can ya sake aure aka haifi Babana, daga ƙarshe ya iso Madina bai ƙara fita ba. Babana ya rayu ya rasu yana cewa yana da yaya a ƙasar Hausa mai suna Dije, bai taɓa jin muryarta ba. Yakan sa sunanta a addu'a bayan sallar asuba, ni kuwa na ɗauke ta kamar mutanen cikin tatsuniya. Sai ga wata rana wata mai lalle 'yar Nijar, da ke zagaya gidajen biki a nan unguwar Bani Harisa, tana zana mini hannu ta tambaye ni asalinmu. Na faɗi sunan ƙauyen kamar yadda na haddace shi daga bakin Baba. Ta ajiye ledar lallen ta ce ai ƙanwarta a can take aure. Ba a yi kwana bakwai ba saƙon murya ya shigo wayata, ina tsaye a kicin.

"Salamu alaikum. Ni ce Dije ta Malam Abdu mai tafiya gabas. An ce akwai jinina a garin Manzo. In gaskiya ne a amsa mini."

Na saurari saƙon nan har shinkafata ta kama. Na kira mahaifinku a wurin aiki ina kuka ina dariya, ya zaci gobara ce. Daga ranar ban ƙara zama wuri ɗaya ba. Mahaifinku, Abu Usama, ya shiga neman takardun ziyara, ni kuma na shiga juya gida. Na sauya labule, na fitar da Usama daga ɗakinsa na mai da shi falo, na sayi katifa na mayar na sayo wata don na ce ta farko ta yi wa tsohuwa taushi da yawa. Babu wanda ban gaya wa ba cewa yayar Babana na tafe, har mai kawo mana tukunyar gas sai da ya ji, ya ce mabruk ya kama gabansa.

Ranar da ta sauka na yi tsammanin za a turo mini ita a keken marasa lafiya. Sai ga 'yar ƙaramar mace miƙe kamar tabarya, da zane ruwan ɗorawa a ƙarƙashin hijabi, tana jan buhu da kanta tana yi wa ma'aikacin da ke son taya ta faɗa. Ba ta rungume ni ba tukuna. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske kamar mai sayen ƙwarya, ta ce in yi murmushi. Na yi.

"Wushiryar nan tamu ce," in ji ta. "To, yanzu zo."

A cikin buhun akwai kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da gero daga gonar da kakana ya bari. Daddawar nan ta kwana uku tana gaishe da mutane a cikin asansir, na'urar da ke hawa da mu bene, har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko ɓera ne ya mutu mana. Ban damu ba. A daren farko na tuƙa tuwo da miyar kuka yadda Gwaggo ta nuna mini, na gane cewa abin da na yi shekara talatin ina kira miyar kuka ruwa ne kawai mai kore. Washegari muka kai ta Masallacin Annabi. Ta tsaya ƙarƙashin manyan laimomin nan ta ɗaga kai har mayafinta ya zame, ta tambayi mutum nawa ke buɗe su kowace safiya. Da muka zo katangar Baƙi'a, maƙabartar da kakana ke kwance, tunda mu mata ba ma shiga, ta riƙe ƙarfen ta leƙa ta yi sallama, ta ce a hankali:

"Baba, ga Dije ta iso. An yaye ni tuni, kada ka damu."

Ku lura da wani abu, don zai yi muku amfani a gaba. Matar nan ba ta gajiya da tambaya. Cikin kwana goma ta iya asansir ita kaɗai, ta iya kunna murhu da kashe shi, ta iya injin wanki, ta gane maɓallin da ke rage sanyin ɗaki, har ta fara gyara wa mahaifinku in ya danna ba daidai ba. Komai sau ɗaya ake nuna mata. Amma cokali ta ce ba da ita ba, kuma duk abin da aka ajiye a gabanta sai ta auna shi da na garinsu: ruwan rijiyarsu ya fi garɗi, kajinmu ba su da ƙashi, dabinonmu zaƙinsa ya wuce hankali. Wata rana muna cin abinci tana cikin wannan lissafi, sai Usama ya dubi Sumayya ya faɗi wata kalma ta Turanci, gajeriya, kamar mutum ya yi shaƙuwa. Suka sunkuyar da kai suna dariya. Da Larabci ba za su iya ba, don ina ji, Gwaggo ma takan tsinci wasu kalmomi saboda karatun allo. Da Hausa kuwa ko sun so bakinsu ba ya juyawa. Sumayya lokacin tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, don haka da muka shiga kicin wanke kwanuka na tsare ta. Ina yi mata Hausa tana amsa mini da Larabci, kamar kullum.

"Me yayanki ya kira kakarku?"

"Ummi, wasa ne."

"Na ji wasa ne. Fassara mini wasan."

Ta ɗauki soso ta ajiye. Ta ce kalmar tana nufin mutumin karkara, wanda ya tashi nesa da birni. Na ce to wannan ai ba zagi ba ne, kakanku ma daga can ya fito. Ta ce ba a nan ta tsaya ba. Ana faɗarta ga wanda yake ganin dangar gidansu ita ce ƙarshen duniya, wanda bai san yadda wasu ke rayuwa ba kuma ba ya son ya sani. Ta ce mutum yana iya kiran kansa da ita yana raha, abokai ma suna jefa wa juna, amma in ɗan birni ya faɗa wa baƙo, raini ne.

"Wato baƙauya," na ce.

"Kusan haka. Amma ta fi ciwo kaɗan."

Na yi musu faɗa sosai a ranar, na ce kada in sake ji. Na kwanta ina jin daɗin kaina, wai na kare yayar Babana. Ban san kalmar ta riga ta samu wurin zama a cikin kaina ba.

A cikin wannan mako ne Ummu Faisal ta yi waya. Faisal abokin aikin Usama ne, Sumayya ta gan shi sau biyu a gidan nan da izinin mahaifinta, kuma duk wanda ya ga yadda take ƙona shayi in an ambaci sunansa ya san inda zuciyarta take. Mahaifiyarsa ta ce za su zo ranar Alhamis bayan magariba, ita da 'yan'uwanta mata biyu, su ga yarinya su ga gida. Ku da kuka tashi a nan kun san wannan zuwa shi ne komai. In matan suka koma da fara'a, maza su zo a sa ranar milka, wato ɗaurin aure. In suka koma shiru, shi ke nan, ba wanda zai ce a'a, waya ce kawai ba za ta ƙara ƙara ba. Mutanen Ummu Faisal kuma tsofaffin 'yan gari ne, masu lura da yadda aka miƙa dabino da yadda aka ajiye takalmi.

Gidan ya kama da murna. Na soya gahawa da kaina na daka hel, ƙwayar da ke sa mata ƙamshi, na fito da finjalan da na ajiye tun aurena, na aika aka sayo dabinon ajwa mai kyau. Gwaggo da ta ji labari sai ta miƙe ta taka rawa a tsakiyar falo, tana yi wa Sumayya kirari.

"Ƙawata za ta rigaye ni. To bari in ga ko mijin ya kai nawa kyau, in bai kai ba ki haƙura ki bar mini shi."

Ta ce a garinsu gwaggon uwa ko ta uba ita ke tarbar masu neman aure, ita ke ba su ruwa, kuma Allah ne ya kawo ta a kan gaɓa. Ranar Laraba Sumayya ta same ni ina guga, ta rufe ƙofa. Ita Jadda take ce wa Gwaggo, wato kaka.

"Ummi, ki kai Jadda gidan Kawu a Ƙuba gobe. Yini ɗaya kawai. Ta ga gonakin dabino, za ta ji daɗi."

"In ɓoye yayar Babana kamar tsumma?"

"Ba ɓoyewa ba ne. Ina tsoro ne. Ba ki san Ummu Faisal ba."

Na ƙi, kuma har yau ban yi nadamar ƙin ba. Kuskurena a abin da na yi bayan nan yake. Na saya wa Gwaggo doguwar riga mai ruwan toka, na fesa mata turare, na zaɓa mata kujera a lungu kusa da labule, na ce mata, "Gwaggo, ke dai ki zauna ki huta, yara za su yi komai." Ban gaya mata yadda ake karɓar baƙi a nan ba. Ban gaya mata ko abu ɗaya game da gahawa ba, alhali a gidanmu shayi muke sha kullum, ba ta taɓa ganin an zuba gahawar baƙi ba. Ya zo mini a rai in yi mata bayani, sai wata murya ta ce mini ina tsohuwar ƙauye za ta gane wannan, bar ta dai ta yi shiru. Na bi muryar.

Suka zo, aka yi gaisuwa, aka sumbaci kumatu, aka zauna. Gwaggo ta gaishe su da Hausa tun daga gajiya har zuwa mutanen gida, na fassara a taƙaice, Ummu Faisal ta yi murmushi. Komai na tafiya daidai. Sai Sumayya ta shigo da dalla, butar gahawa, kyakkyawa kamar wata. Ta yi yadda na koya mata tun tana 'yar shekara goma: tana tsaye, dalla a hagu, finjali a dama, ta zuba ɗan kaɗan a gindin finjali, abin da bai wuce kurɓa uku ba, ta miƙa wa babbar cikinsu. Haka ake girmama baƙo a nan, a zuba masa kaɗan don a yi ta dawowa gare shi, zama ya yi tsawo. Cika finjali kuwa ma'anarsa ɗaya ce, kowane yaro ya sani: sha ka tashi, mun gaji da kai.

Na ji an ja mini riga. Gwaggo ce ta miƙo wuya daga lungunta, idanunta sun firfito.

"Maryama, gahawar ƙarewa ta yi?"

"A'a Gwaggo, akwai."

"To wannan rowa a ina kuka koye ta? Ga ta tsaye ƙiƙam a kan manya, ga buta a hannun hagu. So kuke a ce gidan Malam Abdu ba a ƙoshi?"

Na ce mata ta bari, zan yi mata bayani daga baya. A daidai nan aka kira ni daga kicin, wai sambusa na ƙonewa. Minti biyu na yi, wallahi bai fi ba. Da na dawo na tarar da Sumayya tsaye hannu wofi, fuskarta kamar an zare mata jini. Gwaggo kuwa ta durƙusa a gaban Ummu Faisal gwiwa biyu, ta jera finjalai uku a kan faranti, ta cika kowanne har yana rawa a baki, tana miƙawa da hannu biyu, fuskarta cike da haske.

"Ku sha, bayin Allah. Akwai da yawa, ko asuba za ku kai ba za ta ƙare ba."

Finjali ba shi da mariƙi. Ummu Faisal ta karɓa don ba yadda za ta yi, zafi ya cije mata yatsu, gahawa ta zuba a kan rigarta. Ta ajiye shi a hankali ba ta kai baki ba. Ta dubi 'yan'uwanta, suka dube ta. Ta ce dare ya fara yi, direba na jira. Ko minti ashirin ba su yi a gidan ba. Na bi su har bakin ƙofa, a nan ne na faɗi maganar da ta sa nake rubuta wannan babi. Da Larabci na faɗe ta, da murmushi a fuskata.

"Ku yi haƙuri, wata tsohuwa ce daga ƙauyen Afirka, dangin nesa. Ba ta fahimtar komai."

Da na juyo, Gwaggo na tsaye a bayana da dalla a hannu. Ba ta iya Larabcin kasuwa ba, amma ta san kalmar fahimta daga karatu, ta san kalmar a'a, kuma ta iya karanta fuska fiye da mu duka.

Sumayya ta kulle kanta a ɗaki. Juma'a ta wuce waya ba ta yi ƙara ba. Ranar Asabar da hantsi na shiga ɗakin Gwaggo na tarar ta naɗe kayanta cikin buhu, ta ninke rigar da na saya mata ta ajiye a kan katifa. Ta ce in gaya wa mai gidana ya nemo mata masaukin alhazai, ta ƙarasa kwanakinta a can. Na zauna a ƙasa na fara yi mata bayanin finjali, abin da ya kamata in yi tun ranar Laraba. Ta saurara har na gama. Ta dubi tafin hannunta.

"Wato korarsu na yi."

"Ba ki sani ba ne, Gwaggo."

"Ban sani ba. Wa ya sani a gidan nan?"

Na sunkuyar da kai.

"Maryama, akwatin nan mai hawa da mutane sama, sau nawa kika nuna mini shi? Injin da ke wanki yana kuka fa? Wanda ya iya waɗannan, zuba ruwan zafi a ɗan ƙoƙo ne zai gagare shi? Ba ki gaya mini ba ne don kin riga kin gama da ni. Kin sa mini riga kin ajiye ni kusa da labule kamar tulu."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko a gaban Babana. Na yi ta tunanin bayanin da Sumayya ta yi mini a kicin, wanda bai san yadda wasu suke ba kuma ba ya son ya sani. Kwana goma sha biyu matar nan tana tambayarmu yadda muke yin komai. Ni ban tambaye ta sau ɗaya yadda ake tarbar baƙo a garinsu ba, da na ji amsar da na san abin da zai faru. Ina cikin kuka sai na ga ta kwance bakin buhun ta fara fito da kaya.

"Tashi ki share ido. Ni na ɓata, ni zan gyara. Kira mini ƙawata ta zo da butar nan."

Kwana uku aka yi ana makaranta a falonmu, kuma ban taɓa ganin gidan nan da rai kamar lokacin ba. Sumayya ta fito da kumburarrun idanu ta zama malama. Da ruwa aka fara don kada a yi asarar gahawa. Mahaifinku ya zama Ummu Faisal, ya yafa tawul a ka yana zaune yana taƙama, Gwaggo na zuba masa. Babban yaƙin shi ne hannun hagu. Duk sanda ta ɗauki dalla da hagu sai ta ce astagfirullah, ta ce in uwarta ta gan ta daga kabari sai ta tsine wa Madina gaba ɗaya in ban da masallaci. Tsayuwa a kan manya ma ta ce ba za ta iya ba, aka daidaita a kan ta ɗan rusuna. Ta koyi cewa in baƙo ya girgiza finjali ya ƙoshi ke nan, ta yi dariya har ta zauna.

"Ku ba ku da baki ne? Sai ku yi ta kaɗa ƙoƙo kamar masu bara?"

A cikin kwanakin nan ne na fara jin Sumayya na haɗa jimla guda da Hausa, don ba yadda za ta gyara wa ɗalibarta sai da ita. "Jadda, kaɗan. Kaɗan kawai. Ya yi yawa." Gwaggo ta ce Hausar ƙawarta kamar ta ɗan akuya, amma ana ganewa.

Ni kuma nawa aikin ya fi nasu wuya. Na ɗaga waya na kira Ummu Faisal na roƙi izinin mu zo. A al'ada dangin yarinya ba sa bin dangin namiji, ana ganin zubar da daraja ne, maƙwabtana biyu sun ce kada in kuskura, za a ce muna tallan ɗiyarmu. Ummu Faisal ta ce gida gidanmu ne, da irin muryar da ba ta nuna komai.

Ranar Laraba bayan la'asar mahaifinku ya kai mu ya jira a mota, muka shiga ni da Gwaggo, tana sanye da zanenta ruwan ɗorawa, don ta ce rigar toka ba ta da sa'a. Majalisin Ummu Faisal ya ninka namu uku, 'yan'uwanta biyu na zaune, da wata surukarta. Bayan gaisuwa na ce ina da magana. Na ce ranar Alhamis na yi musu ƙarya. Wannan ba dangin nesa ba ce, yayar mahaifina ce uba ɗaya, ita ce babbar gidanmu a duniya yau. Na ce a garinsu cika wa baƙo ƙoƙo da durƙusa masa shi ne iyakar girmamawa, ta ga kamar muna yi musu rowa ne ta tashi ta rufa mana asiri. Na ce laifin nawa ne da ban koya mata ba, kuma maganar da na faɗa a bakin ƙofa ita ce abin kunyar, ba gahawar ba. Sai Gwaggo ta taɓa ni ta ce in roƙa mata aron dalla.

Ta miƙe. Ta ɗauke ta da hagu, na ga leɓenta na motsi, na san istigfari take yi. Ta zuba kurɓa uku cif, ta ɗan rusuna, ta miƙa da dama. Ummu Faisal ta bar hannun nan a miƙe na ɗan lokaci. Sannan ta karɓa ta sha. Gwaggo ta ƙara, ta sha. A na uku ta girgiza finjalin, Gwaggo ta juyo ta dube ni da alfahari kamar yarinyar da ta sauke allo.

Sai Ummu Faisal ta tashi ta karɓi dallar daga hannunta, ta zaunar da ita a kujerarta. Ta ɗauki finjali mai tsabta ta fara zubawa, ta wuce kurɓa uku, ta wuce rabi, ba ta tsaya ba sai da ya cika har baki. Ta miƙa mata da hannu biyu. Na ce a raina shi ke nan, an rama mana, an sallame mu. Gwaggo ta dubi finjalin, ta dubi matar, ta ce mini ba tare da ta juyo ba:

"Tambaye ta, wannan cikawar ta wane gari ce? Tasu ko tamu?"

Na tambaya. Ummu Faisal ba mace ce mai yawan dariya ba, kun san ta, amma gefen bakinta ya motsa.

"Ki ce mata irin ta garinta ce. Kuma ki ce wa Abu Usama maza za su zo ranar Juma'a."

Gwaggo ta karɓa, zafi na cin yatsunta ba ta nuna ba, ta shanye tas. Ta ajiye ta ce mini ƙasa-ƙasa, abin nan ɗaci kamar maganin shawara, ba su da sukari ne a gidan? Wannan ban fassara ba. A mota ta rangaɗa guɗa har mahaifinku ya kusa hawa kan dakalin titi.

Ga abin da ya biyo baya, wanda ba ku sani ba. Kwanakin da suka rage mata a gidanmu ta yi su lafiya, tana wasa da ku, tana cin abinci. Amma ba ta ƙara taɓa komai ba sai ta tambaye ni, "Haka kuke yi a nan?" Ko tsintsiya za ta ɗauka sai ta tambaya. Ba ta ƙara cewa ruwan garinsu ya fi garɗi ba, ni kuwa da na ba da abin da na mallaka in sake ji. Takardar ziyararta ta ƙare kafin milka, ba ta ga auren da ta ɗinke ba sai a hoton waya. Ranar tafiyarta muka raka ta Bi'ir Ali ta ɗauki harami, daga Makka za ta wuce gida. A gindin motar alhazai na riƙe hannunta na ce ta yafe mini maganar bakin ƙofa.

"Na yafe tun a ranar, ɗiyar ƙanena. Da ban yafe ba da ban riƙe buta da hagu ba. Mantawa ce dai ba a hannuna take ba."

Ta hau mota tana talbiya. Bayan damina biyu aka aiko mana da rasuwarta. Allah ya jiƙan Dije ta Malam Abdu, ya haɗa ta da uban da ta zo nema. In za ku ba 'ya'yan Sumayya labarin nan ku yi dariyarku, ita ma ta yi. Amma ku faɗa musu wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta ce dangin nesa ce, kakarsu ce Maryama, kuma ita ta ce a faɗa.